Matsayin Harshe a Binciken Lafiyar Matasa: Tsokaci a kan Fassarar Tambayoyi zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

A dogon hutun da muka yi bayan kammala aji biyu, na sami aikin tafinta na mako uku tare da wasu masu bincike da suka shiga wata unguwar Hausawa a nan Kudu domin nazarin lafiyar matasa. Ni Bayarabiya ce, a bakin shagon mahaifiyata kusa da Sabo ta Ibadan na koyi Hausa, sannan na zo jami'a na ɗora. Saboda haka na karɓi aikin da murna, ina ganin abu ne mai sauƙi: a ba ni tambaya a rubuce, in karanta, in rubuta amsa.

A kwana na uku na zauna da wata yarinya da ba za ta wuce shekara 17 ba. Tambayar da ke gabana, kamar yadda aka fassara ta aka ba mu, cewa take: "A cikin mako biyu da suka wuce, kin yi fama da matsalar ƙwaƙwalwa?" Yarinyar ta ɗago kai da sauri ta ce, "Subhanallahi! Anti, ni lafiyata ƙalau." Na rubuta sifili, muka wuce. Bayan mun gama, ta rako ni bakin ƙofa, muna tafe tana cewa, "Anti, ni dai tunani ne ya yi mini yawa. Ba na samun barci, abinci ma ba ya shiga, ko hira da ƙawayena na daina." Abin da tambayar ke nema ke nan tun farko, amma takarda ta riga ta ce yarinyar ba ta da komai.

Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa yawancin alƙaluman da ake kawowa game da lafiyar matasa daga tambaya da amsa ake samo su, kuma idan kalmomin tambayar suka kauce, alƙaluman ma sun kauce. Za a duba wane ne matashi, da irin abubuwan da bincike ya gano, da wuraren da fassara ke yin tuntuɓe, da matakan da masana suka shimfiɗa don kauce wa hakan. Fatan shi ne ɗalibin harshe ya ga cewa yana da abin yi a wannan fage.

2.0 Wane Ne Matashi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa wannan zango na rayuwa da shekaru. Akwai masu shekara 10 zuwa 19, wato masu tasowa daga ƙuruciya zuwa girma. Akwai masu shekara 15 zuwa 24. Idan aka haɗa su gaba ɗaya, sai a ce masu shekara 10 zuwa 24. A 2016 mujallar likitanci ta Lancet ta fitar da babban rahoto a kan lafiyar wannan rukuni, wanda Farfesa George Patton na ƙasar Ostareliya ya jagoranta, inda aka nuna cewa kula da lafiyar matashi riba uku gare ta: ta yanzu, da ta lokacin da zai girma, da ta 'ya'yan da zai haifa.

Shi kuwa Bahaushe ba da shekaru kaɗai yake aunawa ba. Yana da yaro da yarinya, da saurayi da budurwa, da baligi da baliga, da magidanci da matar aure, da bazawara. Abin da ke fitar da mutum daga wani rukuni ya shigar da shi wani, galibi balaga ce da aure. Namiji mai shekara 30 da bai yi aure ba ana iya kiransa saurayi ko tuzuru. Mace mai shekara 16 da aka ɗaura wa aure kuwa ta fita daga sahun 'yan mata, ta zama amarya, daga nan ta zama matar gida.

Wannan bambanci ba ƙaramar illa yake yi wa bincike ba. Na shiga wani gida na gaida dattijuwar gidan, na ce, "Mama, muna son mu ɗan tattauna da 'yan matan gidan nan." Ta ce, "'Yata, ai babu 'yan mata a gidan nan, duk mun aurar." Gaskiya ta faɗa. Amma a tsakar gidan ga matar ɗanta nan tana wanke-wanke da goyo a bayanta, kuma shekarunta sun faɗa cikin waɗanda ake nema. Da ban sake tambaya da cewa "har da amare da matan aure masu ƙananan shekaru" ba, da an tsallake ta. Alhali kuwa irinta ne binciken ya fi buƙatar ji daga bakinsu.

3.0 Kaɗan daga Abin da Bincike Ya Gano

Kafin a shiga batun fassara, yana da kyau mai karatu ya san irin sakamakon da ake magana a kai. Ga misalai uku.

Na farko, haihuwa da ƙananan shekaru. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa takan gudanar da babban binciken yawan jama'a da lafiya duk bayan 'yan shekaru. A na 2018 an tattauna da mata sama da 41,000 masu shekara 15 zuwa 49. An gano cewa kashi 19 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Adadin ya bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri: kashi 1 cikin 100 a Jihar Legas, kashi 41 cikin 100 a Jihar Bauchi. An fassara tambayoyin wannan bincike zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo.

Na biyu, shaye-shaye. A farkon 2019 aka fitar da rahoton binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Rahoton ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye, ban da giya da taba, a shekarar da ta gabaci binciken. Daga ciki miliyan 10.6 tabar wiwi ce, miliyan 4.6 magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin da makamantansa. Ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu mace ce. Wani abin lura, musamman ga mu mazauna Kudu masu ɗaukar matsalar ta Arewa ce, shi ne yankin Kudu maso Yamma ne ya fi kowane yanki yawan masu shan, da kimanin kashi 22 cikin 100, Arewa maso Yamma kuwa kashi 12.

Na uku, lafiyar tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya yana fama da wata larurar tunani, kuma ciwon damuwa da fargaba suna cikin waɗanda suka fi yawa.

Zazzaɓin cizon sauro ana iya gano shi da ɗigon jini, hawan jini kuma da na'urar awo. Amma babu na'urar da za ta auna shekarar da yarinya ta yi cikin fari, ko sau nawa saurayi ya sha tiramol a bara, ko nauyin da ke zuciyar ɗaliba. Sai an tambaya, an kuma amsa. Da irin waɗannan alƙaluma gwamnati da ƙungiyoyi ke yanke shawarar inda za a buɗe asibiti, da inda za a tura ma'aikata, da abin da za a ware wa kuɗi.

4.0 Wuraren da Fassara ke Tuntuɓe

4.1 Kalma Ɗaya, Cututtuka da Yawa

Sunayen cututtuka na Hausa ba su zo daidai da na likitancin zamani ba, domin kowanne da ma'aunin da ya yi amfani da shi. Likita yana raba cuta bisa ƙwayar da ta haddasa ta. Bahaushe kuwa ya fi duba alama, da wurin da ke ciwo, da abin da yake ganin shi ne sanadi, kamar zafi ko sanyi.

Ɗauki kalmar "sanyi". Namiji idan ya ce yana da ciwon sanyi, galibi cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa yake nufi. Mace kuwa takan kira kusan kowane ƙaiƙayi ko fitar ruwa ko ciwon mara da sunan sanyi, kuma da yawa suna danganta shi da ban ɗaki ko zama a wuri mai danshi. Ga kuma sanyin ƙashi, wanda ba shi da alaƙa da waɗannan. Mai binciken da ya fassara cututtukan saduwa da "sanyi" kawai, zai sami 'yan mata da yawa sun amsa da "e", ya tafi ya rubuta abin da ba su faɗa ba. Haka "shawara" take. Ana kiran yanayin da ido ke yin ɗorawa da wannan suna, ko ciwon hanta ne ya kawo shi, ko sikila, ko wani zazzaɓi. A Yarabanci ma muna da irin wannan a kalmar "jedijedi", wadda ta tattara basir da ciwon baya da raunin mazakuta da wasu abubuwa a ƙarƙashin suna ɗaya.

Mafita a nan ita ce a tambayi alamomi ɗaya bayan ɗaya, a bar wa likita ya raɗa wa cutar suna.

4.2 Kunya da Sakaya Zance

Hausa harshe ne mai yawan sakayawa a kan abin da ya shafi jiki. Jinin haila yana da sunaye kamar "al'ada" da "baƙon wata" da "fashin salla". Ciki ana ce masa "juna biyu". Jima'i kuwa ana kewaye shi da "saduwa" ko "kusanta" ko "kwanciya". A nan mai fassara yana tsakanin ramuka biyu. Idan ya fito da kalmar ɓaro-ɓaro, yarinya za ta sunkuyar da kai, hira ta mutu. Idan ya sakaya da yawa, ma'ana ta ɓace. Tambayar "kin taɓa saduwa da namiji?" tana iya samun amsar "e" daga yarinyar da ta fahimci haɗuwa a hanya ko zance a ƙofar gida.

Akwai kuma bambancin da dole a kiyaye tsakanin "ɓari" da "zubar da ciki". Na farko ƙaddara ce da ake jajanta wa mace, na biyu kuwa zargi ne. A Turancin asibiti kalma ɗaya tana iya ɗaukar duka biyun, saboda haka mai fassarar da bai lura ba zai iya jefa wa mai jego ko mai jinya kalmar da za ta ji kamar mari.

Babban misali a wannan fage shi ne kunyar ɗan fari. A al'adar Hausawa da Fulani, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna kulawa da shi a gaban mutane, kuma sau da yawa kakanni ne ke riƙe shi bayan yaye. To, yarinya mai shekara 18 idan tana da ɗa, mafi yawanci ɗan fari ne. Ke nan ɗan da binciken haihuwar matasa ke nema shi ne ainihin ɗan da al'ada ta hana uwarsa ta yi maganarsa a sake, balle a gaban surukai. Irin wannan dalili ne ya sa manyan takardun bincike ba sa tsayawa a kan "'ya'yanki nawa?" Sukan raba tambayar: nawa ne ke zaune tare da ke, nawa ne ke wani wuri, nawa ne suka rasu.

4.3 Kalmomin Zuciya da Tunani

Ɗaya daga cikin ma'aunan da aka fi amfani da su wajen gano ciwon damuwa shi ne wanda ake kira PHQ-9, wanda Kroenke da Spitzer da Williams suka wallafa a Amurka a 2001. Tambayoyi tara ne a kan mako biyu da suka wuce: rashin jin daɗin abubuwa, da baƙin ciki, da barci, da gajiya, da cin abinci, da sauransu. Kowace tambaya tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27, kuma wanda ya kai 10 akan so likita ya duba shi. A 2006 Adewuya da abokan aikinsa sun gwada ingancin wannan ma'auni a tsakanin ɗaliban jami'a a Ile-Ife.

Matsalar ita ce, abin da likitoci ke kira difireshan ba shi da kalma guda a Hausa. Akwai damuwa, da baƙin ciki, da ɓacin rai, da ƙunci, da yawan tunani, da mutuwar jiki, kowanne da inda ya dosa. Baƙin ciki ma yana iya nufin hassada, kamar a "yana baƙin ciki da ni". A ɗaya gefen kuma akwai "taɓin hankali" da "ciwon ƙwaƙwalwa" da "hauka", waɗanda babu budurwar da za ta yarda a jingina mata su, domin maganar tana iya fita ta hana ta miji. Kuskuren da aka yi a takardar da na karanta wa yarinyar nan ke nan: an ɗauko kalma daga rukuni na biyu aka sa a gurbin ta rukuni na farko.

Hatta lissafin lokaci yana da tarko. Bahaushe idan ya ce "kwana biyu ba na barci", ba kwana 2 yake nufi ba, yana iya zama wata guda ko fiye. Mai rubuta amsar da bai san wannan ba zai ba da maki 1 a inda ya kamata ya ba da 3. Haka kuma duk tambayar da ta yi kama da gaisuwa, amsar gaisuwa za ta samu. "Yaya jikinki?" amsarta "da sauƙi" ce, ko da mutum yana kwance rai a hannun Allah.

4.4 Karin Maganar Matasa da Bambancin Karin Harshe

Kalmar "ƙwaya" tana nufin ƙwayar magani, tana kuma nufin kayan maye. Saurayin da ke tura baro a kasuwa ko yake acaɓa, yana shan tiramol kowace safiya, idan aka ce masa "kana shaye-shaye?" zai rantse ba ya yi, kuma a ganinsa bai yi ƙarya ba. Shi maganin gajiya yake sha don ya iya aiki. Ɗan shaye-shaye a wurinsa shi ne wanda ke tangaɗi a bakin kwata. Haka nan fi'ilin "sha" ya haɗa ruwa da hayaƙi da haɗiya, amma sholisho shaƙarsa ake yi, wasu abubuwan kuma allura ce. Dole a ambaci kowane abu da sunan da matasan wurin suka san shi da shi, kuma sunayen nan suna sauyawa daga gari zuwa gari, daga shekara zuwa shekara.

A unguwannin Hausawa na Kudu, kamar Sabo a Ibadan da Agege da Idi-Araba a Legas da Ama Hausa a Owerri, akwai ƙarin wani abu. Za ka tarar da Bakano da Basakkwace da mutumin Maraɗi, ga Bafulatani da Babarbare da Bazabarme waɗanda Hausa harshe na biyu ce a wurinsu, kamar yadda take a wurina. Ga kuma yaran da aka haifa a nan, masu cakuɗa Hausa da Yarabanci da Turancin buroka. Daidaitacciyar Hausar da muke koyo a aji ba lallai ta isar da saƙo ga dukkansu ba.

5.0 Darasi daga Ayyukan Magabata

Wannan matsala ba yau aka fara lura da ita ba. A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya wallafa bayani a kan wata larura da ya gani a tsakanin ɗaliban Nijeriya. Ɗaliban suna kukan zafi ko motsi kamar na tsutsa a cikin ka, da dishi-dishin gani, da kasa fahimtar abin da suke karantawa. Ya kira larurar da sunan da ɗaliban kansu ke kiranta a Turancinsu, wanda ke nufin gajiyar ƙwaƙwalwa. Masana da yawa daga baya sun ga cewa damuwa da fargaba ne ke fitowa ta bakin jiki. Abin koyi a nan shi ne ya saurari kalmomin marasa lafiyar kafin ya ɗora musu nasa.

A Zimbabuwe, Vikram Patel da abokan aikinsa sun bi wata hanya. Maimakon su fassara ma'aunin Turai, sai suka tattara maganganun da masu jin harshen Shona ke yi idan suna cikin ƙunci, suka gina ma'auni mai tambayoyi 14 da aka wallafa a 1997. Fitacciyar kalma a ciki ita ce "kufungisisa", wato yawan tunani. Mai karatu zai ga cewa ita ce maganar da yarinyar nan ta faɗa mini a bakin ƙofa, kuma a Yarabanci ma "ironu" muke cewa.

A gida Nijeriya kuma, ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan sun yi aikin daidaita kalmomin da suka shafi ƙanjamau da Ebola a Hausa da Ibo da Yarabanci, aka bayyana sakamakon a 2017. Sun ba da shawarar a riƙa kiran ƙwayar cutar da "karya-garkuwa", a bambanta ta da ciwon da ya riga ya kwantar da mutum. Dalili kuwa shi ne sunaye irin su "kabari kusa" suna sa matashi ya guji gwaji, alhali a yau mai ɗauke da ƙwayar yana iya shan magani ya yi tsawon rai cikin ƙoshin lafiya.

6.0 Matakan Fassarar Tambayoyin Bincike

Masana sun shimfiɗa matakai da ya kamata a bi. Ga su a taƙaice:

1. Mutum biyu su fassara takardar zuwa Hausa, kowa shi kaɗai. An fi so ɗaya ya san fannin lafiya, ɗayan kuma ya kasance masanin harshe da al'ada.

2. Su zauna su kwatanta, su fitar da fassara guda, su rubuta duk inda suka saɓa da dalilin zaɓin da suka yi.

3. A ba wani na uku wanda bai taɓa ganin takardar asali ba, ya mayar da Hausar zuwa Turanci. Wannan ita ce fassarar komawa baya, wadda Richard Brislin ya yi fice da bayaninta a 1970.

4. Kwamiti ya kwatanta Turancin farko da na biyu, a gyara inda ma'ana ta zame.

5. A gwada takardar a kan matasa kaɗan irin waɗanda za a yi binciken a kansu. Bayan kowace tambaya a ce, "Da na faɗi haka, me ka fahimta? Da kai ne za ka tambayi abokinka, yaya za ka ce?"

Mataki na biyar shi ne wanda aka fi tsallakewa saboda ƙarancin lokaci da kuɗi, kuma shi ne mafi muhimmanci. Fassarar komawa baya tana iya nuna cewa "matsalar ƙwaƙwalwa" ta yi kusa da kalmar Turanci, amma ba za ta nuna cewa yarinya za ta firgita da jin ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

7.0 Neman Yarda da Riƙon Sirri

Kafin a yi wa kowa tambaya ko gwaji, wajibi ne a bayyana masa abin da ake ciki da harshen da yake ji, ya kuma amince. Nijeriya ta ɗanɗana ɗacin wannan batu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, inda aka ba wasu sabon maganin, wasu kuma wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya musanta aikata laifi. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Bisa ƙa'ida, wanda bai kai shekara 18 ba ana neman izinin iyayensa ko mai riƙonsa, sannan shi ma a nemi yardarsa.

A nan ma kalmomi suna da nauyi. "Bincike" a kunnen mutane da yawa aikin 'yan sanda ne ko na kwastan. Ka shiga tashar mota ka ce ka zo binciken shan ƙwaya, ka ga yadda benci zai zama wayam. "Nazari" ko "neman sani" sun fi kwantar da hankali. "Gwaji" kuma yana nufin awon jini a asibiti, yana kuma nufin jarraba sabon magani, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce tushen rigimar Kano. Sannan yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya musa wa babba ko baƙo, ba zai gane cewa yana da damar ƙi ba don kawai an karanta masa jimla ɗaya. Sai an faɗa masa a fili: "Idan ba ka so, ka ce ba ka so. Babu wanda zai ji haushi, babu abin da za a hana ka." Haka kuma alƙawarin riƙe sirri ba shi da amfani idan uwar miji tana zaune a kan tabarma ɗaya da ku.

8.0 Kammalawa

An ga yadda rabe-raben shekaru na Bahaushe, da sunayen cututtuka, da kunya, da kalmomin zuciya, da karin maganar matasa, suke iya karkatar da sakamakon bincike idan ba a kula ba. An kuma kawo matakan da ake bi don a rage kuskure. Yawancinmu a wannan sashe ba Hausawa ba ne, kuma akan tambaye mu a gida me za mu yi da digirin Hausa. Ga amsa ɗaya. Wanda ya koyi harshe da girmansa ya saba tsayawa ya tambayi ma'anar kalmar da mai harshen ke wucewa ba tare da ya lura ba, kuma wannan ɗabi'a ita ake buƙata a mataki na biyar. Sai dai mu riƙa aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan asalin harshen, domin akwai zurfin da ba mu kai ba tukuna.

Ita kuwa yarinyar da na buɗe da labarinta, na koma na shaida wa shugabar ayarinmu abin da ya faru. An gyara tambayar ta koma "yawan tunani ko ƙuncin zuciya", aka kuma haɗa yarinyar da ma'aikaciyar jinyar da ke tare da mu. Waɗanda muka riga muka yi wa tsohuwar tambayar a kwana ukun farko kuwa, ba mu sami komawa kansu ba.

Aikin Gwaji ga Ɗalibai

1. Ka tattara kalmomi goma da Hausawan unguwar da ke kusa da kai ke amfani da su wajen bayyana damuwa ko rashin kwanciyar hankali. Ka rubuta jimlar da ka ji kowace a ciki, da jinsi da kimanin shekarun wanda ya faɗa, ba tare da sunansa ba.

2. Ka kwatanta su da takwarorinsu a harshenka na gado. Waɗanne ne suka dace, waɗanne ne ba su da abokin burmi?

3. Ka tsara gabatarwar da ba ta wuce jimla biyar ba, wadda za ka yi wa mahaifin yarinya mai shekara 15 don neman izinin tattaunawa da ita a kan lafiyarta. Ka karanta wa wani dattijo Bahaushe, ka rubuta gyaran da ya yi maka.